Dutsen Rana: Ma'anar Kalmar Sunstone da Yadda Ake Amfani da Ita

A cikin kalmomin Turanci akwai waɗanda suke da sauƙin fassara amma suna da wuyar ganewa. Ɗaya daga cikinsu ita ce sunstone. Ko ɗan aji ɗaya zai iya raba ta biyu, ya ce sun rana ce, stone kuma dutse ne, saboda haka ma'anarta dutsen rana. Fassarar daidai ce. Amma idan muka tambaye shi wane dutse ke nan, yaya kamanninsa, me ake yi da shi, sai magana ta tsaya. Dalili kuwa shi ne, mai sayar da kayan ado yakan faɗi kalmar nan da nufin wani abu, masanin tarihin jiragen ruwa yakan faɗe ta da nufin wani abu dabam, haka kuma mai ba da labarin mutanen Meziko na dā. Wanda bai san wannan ba yana iya rubuta amsar da ba ita ba ce a jarrabawa, ko kuwa ya ba da kuɗinsa a kasuwa ya karɓi gilashi. A cikin wannan rubutu za mu bi ma'anonin nan ɗaya bayan ɗaya, domin mu san yadda za mu rarrabe su.

Tun dā mutane suna laƙa wa duwatsu sunan rana. Wani marubucin Romawa mai suna Pliny, wanda ya mutu a shekara ta 79 bayan haihuwar Almasihu, ya ambaci wani farin dutse mai baza haske a cikin babban littafinsa na sanin halittu, ya kira shi dutsen ado na rana. A zamanin nan babu na'urar gwada abin da ke cikin dutse. Ido ne kaɗai alƙali, saboda haka duk dutsen da ya tuna wa mutum da rana yana iya samun wannan suna. Daga nan ne ruɗanin ya samo asali.

Ma'ana ta farko: dutsen ado mai ƙyalƙyali

Idan muka buɗe ƙamus na Turanci, ma'anar da za mu fara tararwa ita ce ta dutsen ado. Dutse ne mai launin ruwan lemo, ko ja-ja, ko ruwan zuma. Sa'ad da aka juya shi cikin haske sai a ga ƙananan ɗigo suna walƙiya daga can cikinsa, kamar tartsatsin wuta a maƙera. Waɗansu masana suna kiransa heliolite, daga kalmomin Helenanci biyu, helios wato rana, da lithos wato dutse. Ma'anar dai ɗaya ce, harshen ne ya sauya.

Dutsen nan ɗan gidan wani ma'adini ne da ake kira felsfar. Felsfar ba baƙo ba ne a gare mu, ko da yake ba mu saba jin sunansa ba, gama shi ne ma'adinin da ya fi kowane yawa a ɓawon ƙasa. Mu ɗauki ɓallin dutse ɗaya daga irin manyan duwatsun da suka cika tuddan Jos, ko daga tsakuwar da ake kwaɓa kankare da ita, mu dube shi da kyau. Za mu ga ƙwayoyi iri-iri manne da juna. Akwai masu kama da gilashi, su ne ƙanƙarar dutse, wadda masana ke kira kwaz. Akwai baƙaƙe masu sheƙi. Akwai kuma farare ko masu ruwan hoda, waɗannan su ne felsfar. Ana niƙa irinsa a masana'antu domin yin gilashi da tangaran. To, sunstone ɗan'uwan waɗannan ƙwayoyi ne. Abin da ya ɗaga darajarsa shi ne wani baƙon abu da ya maƙale a cikinsa.

Ga yadda abin yake faruwa. Sa'ad da narkakken dutse yake hucewa a hankali, felsfar yakan daskare da ɗan ƙarfe a jikinsa. Daga baya ƙarfen nan yakan ware kansa ya zama ƙananan falle-falle, sirara ƙwarai, na wata irin tama mai suna hematait. Falle-fallen nan ba su warwatse yadda suka ga dama ba. Sun jeru ne suna fuskantar gefe guda, bisa ga tsarin dutsen da ya riƙe su, kowannensu kuma kamar ɗan ƙaramin madubi yake. Mu tuna da ƙauyen da muka taɓa hangowa daga kan tudu, wanda rufin kwanonsa duka suke fuskantar waje ɗaya. Da wani lokaci na yini sai mu ga ƙauyen duka ya ɗauki walƙiya, bayan ɗan lokaci kuma walƙiyar ta ɓace. Haka sunstone yake. A wani gefen shiru yake kamar kowane dutse, da an ɗan karkata shi sai dubban madubai su amsa haske a lokaci guda. Mu riƙe wannan bayani da kyau, domin shi zai taimake mu gane na jabu nan gaba.

Sunstone yana da ɗan'uwa a cikin gidan felsfar wanda Turawa suka ba sunan wata, wato moonstone. Shi ba ya tartsatsi. Haskensa fari ne mai ɗan shuɗi, yana yawo a fuskar dutsen kamar farin wata a bayan siririn gajimare, ƙasar Siri Lanka kuma ta yi suna wajen samar da shi.

Inda ake samunsa

Wurin da ya daɗe da yin suna da sunstone shi ne Tvedestrand, wani gari a bakin teku a kudancin ƙasar Nowe. Ana samunsa kuma kusa da tafkin Baikal a Rasha, da kudancin Indiya, da arewacin Tanzaniya. A tsaunukan Harts na ƙasar Ostareliya akwai wani iri wanda falle-fallen cikinsa suka giggitta juna kamar saƙar raga, suna ba da launukan bakan gizo.

Wanda ya fi shahara a kasuwar duniya a yau shi ne na jihar Oregon a Amurka. Ya bambanta da sauran, domin abin da ke cikinsa jan ƙarfe ne, irin wanda ake yin wayar lantarki da shi. Ana haƙo shi daga daskararren aman wutar dutse a gundumomin Lake da Harney. Launinsa yakan kama daga fari garau kamar ruwa, zuwa rawaya, da ruwan hoda, da ja, da kore, wani lokaci ma a ga ja da kore a dutse guda. Ja mai zurfi da kore su ne suka fi tsada. A shekarar 1987 jihar Oregon ta zaɓe shi ya zama dutsen adonta na musamman, gwamnati kuma ta keɓe wani fili kusa da ƙauyen Plush inda kowa zai iya zuwa ya tsinta kyauta domin amfanin kansa. An taɓa yi masa laƙabi da daiman na Plush, alhali ba shi da wata dangantaka da daiman. Wannan ma wani misali ne na yadda suna yake iya ɓatar da mai saye.

Ƙarfinsa da yadda ake kula da shi

A shekarar 1812 wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya shirya ma'aunin taurin ma'adinai daga 1 zuwa 10. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce, wato wanda ya fi tauri yakan karce wanda bai kai shi ba. Daiman ne a kan 10, kwaz yana kan 7, sunstone kuwa yana tsakanin 6 da 6.5. Wannan lissafi yana da amfani ga mai zobe. Yashi da ƙura suna ɗauke da ƙwayoyin kwaz, waɗanda suka fi sunstone tauri. Idan mutum ya saba goge dutsen zobensa da busasshen ƙyalle bayan ƙurar hunturu ta kwanta a kansa, a hankali zai dusashe fuskarsa da hannunsa. Abin da ya kamata shi ne a wanke shi da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, sa'an nan a tsane shi da ƙyalle mai laushi.

Har wa yau felsfar yana da hanyoyi biyu da yake tsagewa ta kansu, kamar yadda itace yake da hanyar da gatari ke bi. Bugu ɗaya mai ƙarfi a gefen da bai dace ba yana iya raba shi. Saboda haka ya fi daɗewa a sarƙar wuya ko 'yan kunne fiye da a zoben da ake aikin yau da kullum da shi. Masu sassaƙa duwatsu sukan yi wa mai yawan ƙyalƙyali tudu mai santsi kamar bayan ƙwarya, domin madubansa su fito sosai. Wanda yake garau kuwa sai su yanka masa fuskoki da yawa irin na daiman. Ana auna nauyinsa da karat, karat 5 kuma su ne giram 1.

Kama da wane ba ta wane

A nan ne sanin kalma yake zama sanin kuɗi. Akwai wani abu da ake sayarwa a kasuwannin duniya da sunan goldstone, wato dutsen zinariya, waɗansu kuma sukan laƙa masa sunan sunstone kai tsaye. Ba dutse ba ne, babu zinariya kuma a cikinsa. Gilashi ne da aka narka da jan ƙarfe, aka bar shi ya huce a hankali har ƙarfen ya fito ƙwaya-ƙwaya a cikinsa. Masu aikin gilashi na tsibirin Murano, kusa da birnin Benis a Italiya, su ne suka yi suna da shi tun ƙarni na 17. Suka kira shi da wani suna da ya fito daga a ventura, wato bisa sa'a, domin ba kullum ne aikin yake fitowa daidai ba. Daga wannan suna na gilashi ne masana suka aro kalmar da suke kiran ƙyalƙyalin sunstone da ita, wato aventurescence. Abin mamaki ke nan, kwaikwayo ne ya ba na ainihi suna.

Yin ado da gilashi ba laifi ba ne. Masaga na Bida sun daɗe suna narka gilashi suna yin duwatsun wuya da awarwaro, kowa kuma ya san abin da yake saye. Laifin yana wurin sayar da gilashi da sunan dutse, a kan kuɗin dutse. Ga alamun da za su taimake mu. Na gilashi yana ƙyalƙyali ko ta ina aka juya shi, domin ƙwayoyinsa suna fuskantar kowane gefe, na ainihi kuwa sai an karkata shi daidai. Ɗigon na gilashi kusan girmansu ɗaya, sun cika ko'ina daidai wa daida, na ainihi kuwa wani wuri ya yi yawa, wani wuri babu. Da gilashin ƙara girma ana iya ganin ƙananan kumfa a cikin na gilashi. Idan kuma aka ga shuɗi mai duhu da ɗigo kamar taurari ana kiransa sunstone, to, wannan aikin masana'anta ne. A ƙarshe mu lura da farashi. Dogon carbi na manyan ƙwayoyi masu kama ɗaya a kan kuɗi kaɗan ya isa ya sa mutum ya tsaya ya yi tunani, gama araha ba ta ado.

Kada mu ɗauka marasa ilimi ne kaɗai ake cuta. A farkon shekarun 2000 wani jan felsfar mai kyan gani ya cika kasuwannin Amurka da Japan. Aka ce daga Kongo yake, daga baya aka ce daga Tibet, aka sayar da shi da yawa a matsayin ɗan'uwan na Oregon. A wajen shekarar 2008 ɗakunan gwaje-gwaje suka nuna cewa mai yawa daga cikinsa felsfar ne mai launin rawaya-rawaya, marar tsada, wanda aka gasa a wuta mai zafin gaske tare da jan ƙarfe har launin ya shige shi. Manyan 'yan kasuwa da dubban masu saye sun yi hasara. Dutsen na gaske ne, launin ne na aro, ba a kuma faɗa wa masu saye ba.

Akwai kuma masu sayarwa da sukan ce sunstone yana kawo sa'a, yana korar baƙin ciki, yana ƙara ƙarfin jiki. Mun riga mun ga abin da ke cikinsa, felsfar ne da ɗan ƙarfe. Babu wani gwajin likitoci da ya nuna yana warkar da ciwo. Wanda ya saye shi domin kyansa ya sami abin da ya biya. Marar lafiya kuwa asibiti ya kamata ya nufa.

Ma'ana ta biyu: dutsen gano rana

Yanzu sai mu bar kasuwa mu koma tarihi. Mutanen arewacin Turai da ake kira Viking, kakannin mutanen Nowe da Denmak da Suwidin, gwanayen tuƙin jirgin ruwa ne. Sun zauna a tsibirin Aislan wajen shekarar 874, suka kai Girinlan wajen 985, suka taka gaɓar Amurka ta Arewa wajen shekarar 1000. Tsakanin Nowe da kudancin Girinlan akwai teku na kimanin kilomita 2,500. Ba su da kamfas mai allurar maganaɗisu, gama sai wajen 1190 aka fara ambatonsa a rubuce-rubucen Turai. Taurari ma ba su da amfani sosai a gare su, domin da bazarar can suke tafiya, lokacin da dare ba ya yin duhu sosai a arewa mai nisa. Rana ce jagorarsu. Amma tekun nan na hazo ne da gajimare, rana takan ɓuya kwana da kwanaki. Matuƙin da ya karkace kaɗan zai iya wuce Girinlan ta kudu bai gan ta ba, ya shiga tekun da ruwan shansa ba zai kai shi ƙarshensa ba.

A cikin tsofaffin rubuce-rubucen Aislan akwai kalmar sólarsteinn, wadda ma'anarta dutsen rana, Turawan Ingila kuma suka fassara ta da sunstone. Wani gajeren labari mai suna Rauðúlfs þáttr ya ba da labarin Sarki Olaf na Nowe, wanda ya mutu a 1030. A cikin labarin, wata rana sama ta rufe, dusar ƙanƙara tana zuba. Sarki ya tambayi wani mutum mai suna Sigurd inda rana take, Sigurd ya nuna. Sai sarki ya sa aka kawo dutsen rana, ya ɗaga shi sama, ya duba inda haske yake fitowa, ya ga Sigurd ya faɗi daidai. Ban da wannan labari, an rubuta dutsen rana a cikin jerin kayan waɗansu majami'u da wani gidan sufaye na Aislan a ƙarni na 14 da na 15. Wannan ya nuna abu ne na hannu da aka mallaka, aka kuma ɗauke shi da daraja har aka lissafta shi cikin dukiyar ikilisiya. Sai dai rubuce-rubucen ba su bayyana irin dutsen ba, labarin Sarki Olaf kuma a kan tudu ya faru.

A shekarar 1967 wani masanin kayan tarihi ɗan Denmak, Thorkild Ramskou, ya kawo shawara cewa dutsen nan wani garau ɗin ma'adini ne mai iya nuna tsarin hasken sararin sama. Domin mu gane maganarsa, mu ɗauki misalin igiya. Idan yara biyu suka riƙe doguwar igiya, ɗaya yana iya kaɗa ta sama da ƙasa, ko hagu da dama, ko a karkace. Haske ma kaɗawa yake yi yayin da yake tafiya. Wanda ya fito kai tsaye daga rana yana kaɗawa ta kowane gefe. Amma sa'ad da ya bugi iskar sararin sama ya warwatsu, wani sashe nasa yakan koma kaɗawa gefe guda. Wannan tsari yana kewaye rana zobe-zobe, ya fi ƙarfi kuma a sashen sama da ke digiri 90 daga inda take. Idonmu ba ya ganinsa sosai, amma ƙudan zuma suna ganinsa. Karl von Frisch ya nuna a 1949 cewa da ɗan ɓangaren shuɗin sama kaɗai suna iya sanin inda rana take su koma amyarsu.

Ma'adinin da aka fi zato shi ne kalsait garau, wanda ake samu a gabashin Aislan. Yana da wani hali na ban mamaki wanda Rasmus Bartholin ya bayyana a 1669, wato idan aka ɗora shi a kan rubutu sai kowane harafi ya zama biyu. Yana raba haske kashi biyu ne bisa ga yadda yake kaɗawa. Idan aka sa ɗigo a saman dutsen, aka ɗaga shi sama, aka duba ta ƙasa, za a ga ɗigo biyu, ɗaya ya fi ɗaya duhu. Sai a yi ta juya dutsen a hankali har duhunsu ya zo daidai. A nan dutsen ya daidaita da zoben hasken, daga nan kuma ana iya ja layi zuwa wajen rana. In an yi haka a wurare biyu na sama, inda layukan suka haɗu nan rana take, ko tana bayan gajimare, ko ta ɗan faɗi.

Kowannenmu yana iya ganin wannan tsari da idonsa. A nemi tabarau irin mai kashe ƙyallin ruwa da na kwalta, gama ba kowane baƙin tabarau ne yake yi ba. Hanyar gane shi ita ce a duba fuskar kalkuleta ta cikinsa ana juya shi, idan fuskar ta yi baƙi a wani gefe, to, shi ne. Da sassafe ko da yamma, a ranar da sama ta wanke bayan ruwa, a juya wa rana kafaɗa, a dubi shuɗin sama ta cikinsa ana juya shi a hankali. Za a ga sama tana duhu tana haske. Da hazon hunturu abin ba ya fitowa sosai, domin ƙura tana dagula tsarin. Gargaɗi ɗaya, kada kowa ya dubi ƙwayar rana kai tsaye, da tabarau ko babu, gama tana ƙona ido.

Wace shaida ake da ita? A 1592 wani jirgin ruwan Ingila ya nutse kusa da tsibirin Alderney, tsakanin Ingila da Faransa. A cikin tarkacensa masu ninkaya suka sami wani ɓallin dutse kusa da kayan auna taswira. Masana daga Jami'ar Rennes ta Faransa suka gwada shi, suka sanar a 2013 cewa kalsait ne, ruwan teku da yashi ne suka dusashe shi. Sun yi tunanin matuƙan sun riƙe shi ne domin su gwada gaskiyar kamfas, tun da manyan bindigogin ƙarfe na jirgi suna iya karkatar da allura. A 2018 kuma masana a birnin Budapest na ƙasar Hangari suka kwaikwayi tafiyar Nowe zuwa Girinlan a kwamfuta sau da yawa. Suka ga idan matuƙi yana duba dutsen kowane awa 3, fiye da kashi 90 cikin 100 na jiragen suna isa, idan kuwa ya yi sakaci ya tsawaita lokacin, da yawa sukan ɓata.

Duk da haka dole mu auna maganarmu. Gwaje-gwajen nan sun nuna cewa hanyar tana iya aiki. Ba su tabbatar cewa 'yan Viking sun bi ta ba. Jirgin Alderney ya zo ɗaruruwan shekaru bayan zamaninsu, ba a kuma tono irin dutsen nan a cikin wani jirginsu ba. Ɗalibin da zai rubuta wannan a jarrabawa ya ce masana suna zato, kada ya ce an tabbatar.

Abin lura a nan shi ne, dutsen ado da dutsen matuƙa ba su haɗa kome ba sai suna. Na ado felsfar ne mai launi, ba ya nuna wa kowa inda rana take. Na matuƙa, in dai kalsait ne, fari ne garau, taurinsa 3 ne kawai, wuƙa tana karce shi, ba zai yi ƙarko a zobe ba. Mai sayar da kayan ado da ya ce zoben da ke hannunsa irin dutsen da 'yan Viking suka ƙetare teku da shi ne, ya haɗa labarai biyu ne da ba su haɗu ba.

Ma'ana ta uku: dutsen Aztek

Akwai kuma wani da za mu iya gamuwa da shi a littafin tarihi, wanda ake rubutawa da kalmomi biyu da manyan baƙaƙe, Sun Stone. Wannan wani ƙaton faifan dutse ne da mutanen Aztek na Meziko suka sassaƙa a farkon ƙarni na 16, kafin Sifaniyawa su ci birninsu a 1521. Faɗinsa kimanin mita 3.6 ne, nauyinsa ya kai tan 24. A tsakiyarsa akwai fuska wadda masana da yawa suke ɗauka ta gunkinsu na rana ce, kewaye da ita kuma akwai alamun kwanaki 20 na watansu. An binne shi bayan cin birnin, aka sake tono shi a watan Disamba na 1790 sa'ad da ake gyaran babban dandalin birnin Meziko. Yanzu yana gidan adana kayan tarihi na ƙasar. Shi kuwa ya sami sunan ne saboda zanen da ke kansa.

Yadda za mu yi amfani da kalmar

Mun ga dalilai uku da suka sa aka kira dutse da sunan rana. Na farko yana walƙiya kamar rana, na biyu yana nuna inda take, na uku yana ɗauke da hotonta. Sa'ad da muka gamu da kalmar a karatu, mu dubi kalmomin da suke maƙwabtaka da ita. In ana maganar zobe, da karat, da launi, da Oregon, na ado ne. In ana maganar jirgi, da gajimare, da Aislan, na matuƙa ne. In ana maganar Meziko da kalanda, na Aztek ne.

Wajen fassara zuwa Hausa kuma, dutsen rana kaɗai bai isa ba. Ya fi kyau mu ƙara kalma ɗaya ko biyu domin mai karatu, mu ce dutsen rana na ado, ko dutsen gano rana, ko Dutsen Rana na Aztek. Ga waɗanda za su shiga sana'ar ma'adinai daga cikinmu, tun da jihohin Filato da Nasarawa da Kaduna suna da duwatsu masu daraja iri-iri, darasin ya wuce sunstone. Sunan da ɗan kasuwa ya ba dutse tallarsa ce. Kafin mu saya ko mu sayar, mu tambayi wane ma'adini ne, daga ina aka haƙo shi, an kuma taɓa shi da wuta ko rini ko ba a taɓa ba. Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, matambayi kuma ba ya ɓata.